Ranar da Tsinke Ya Taya Motar Randa

"…Lafiya lau, lafiya lau. Gajiya kam da sauƙi, sai yanzu da ka toshe mini ƙofa iska ta daina shigowa."

"Gara in toshe," in ji mai sallamar, "kada iskar ta yi gaba da kai. Ya aiki, bawana?"

"Bawanka yana gidanku. Matsa, ka tare mini haske."

Mai shagon tela ne, dogo siriri, kowa Tsinke yake ce masa. Wanda ya cika ƙofar kuwa taubashinsa ne, ɗan kawunsa, mai sayar da fenti, wanda tumbinsa ya ja masa sunan Randa. Tsinke ne ya laƙaba masa, shi kuma ya rama da nasa, sunayen suka bi su har yau da kowannensu ke da mata da 'ya'ya. Tun suna rarrafe a tsakar gida ɗaya ba su taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba, ba kuma su taɓa yin faɗa na gaske ba.

Bakin Tsinke yana zagi, amma idonsa ba ya kan Randa. Ta ɗan sararin da ya rage tsakanin ƙugun Randa da bango yake leƙen titi, inda jar motar ke tsaye daidai ƙofar shagon. Motar tsere ce irin ta 'yan gayu, ƙofa biyu, rufinta na baƙin yadi, ta kwanta ƙasa-ƙasa tana sheƙi. Tsinke ya san ta kafin Randa ya san ta. Ta daɗe a filin wani dillalin motoci da ke kan hanyarsa ta zuwa shago, kullum sai ya rage gudun babur ɗinsa ya ƙare mata kallo, har hotonta ya ɗauka ya sa a fuskar wayarsa. Ta hannu ce, amma shi a wurinsa ko sabuwa albarka. Mutum ɗaya tak ya taɓa gaya wa yana sonta a duniya, kuma mutumin nan ne ya je ya saye ta.

Abin da ke cinsa ba shi da wani suna sai hassada, shi ma ya sani. Ya yi istigfari ya gaji. Da ya ji ƙugin mota a titi sai ƙirjinsa ya yi zafi, ɗinki ya karkace, ya kama farkewa.

"Duk faɗin layin nan," in ji Tsinke, "ba ka ga wurin ajiye mota ba sai ƙofata? Na gani. Ja ce. Ka ji daɗi? Kwashe ta."

"Ni na ajiye ta? Ita ta ajiye kanta. Zafi ta ɗauka a cunkoso, allura ta tafi can ƙarshe, na lallaɓo ta da addu'a. Da ta mutu a gaban baƙi gara ta mutu a gaban bawana."

"Zafi ta ɗauka! Ai dole. A ɗora wa 'yar mitsitsiyar mota randa guda a ce ba za ta yi gumi ba?"

Randa ya ajiye wata baƙar leda a kan teburin yanka, ya zube a benci har bencin ya yi ƙara.

"Ba ni ruwa."

"Kai ko ita?"

"Mu duka. Ni kofi, ita jarka."

Tsinke ya tura masa gorar ruwa da ƙafa, ya koma kan keken ɗinki ya taka. Keken nan tsoho ne, shi ne kuma damuwarsa ta biyu. Shagon da ke tsallaken titi ya sayi babban keken surfani mai aiki da kwamfuta, wanda ke zuba aikin wuyan riga kafin mutum ya gama shan shayi, masu ɗinki kuma suna ta tsallakawa can ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa Tsinke ya ɗaure ciki ya yi ta tari, matarsa ta sayar da sarƙarta ta ƙara masa, har kuɗin irin keken suka cika. Suna nan kwance a asusunsa, yau da yamma mai kawo keken zai zo a yi ciniki. In keken bai shigo shagon nan ba, shagon ne zai rufe, babu wata magana.

Amma jar motar tana ƙofa.

"To, ya amarya?" in ji shi, kamar bai damu ba. "An ce in ka taka ta tsuntsu ma bin bayanka yake."

"Wa ya ce? A ina zan taka ta? Kafin in sa giya ta uku na iske tudun rage gudu. Cikinta a ƙasa yake, sai na bi tudun a karkace kamar kaguwa, duk da haka sai ka ji ƙuuu, ta goge. Salansa sau nawa aka yi mata walda, ni na daina ƙirgawa."

"Cikinka ne ke gogewa, ba nata ba."

"Ka ga tayoyin nan? Na baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su. Roba ce mai laushi, tana narkewa a kwalta kamar sabulu. Kuɗin guda ɗaya zai saya wa babur ɗinka taya har ka tsufa. Kuma ba ta da safaya, babu ma inda za a sa."

"Ka cire kujera ɗaya ka sa. Ai dama ba mai yarda ya zauna kusa da kai."

"Kujerun ma biyu ne kacal. Ranar da za mu je gaida Gwaggo, ni da uwar yara a ciki, yara a motar haya suna binmu a baya. Har yau ba ta daina yi mini gori ba."

Gwaggon nan ita ce mahaifiyar Tsinke. Ya tuna ranar sarai, don yana gidan lokacin da suka iso, maƙwabta suka fito kallo, tsohuwar da kanta ta shafa ƙofar motar tana sa albarka. Shi kuwa babur ɗinsa yana jingine a bango, ko kare bai kalle shi ba.

"Ci gaba," in ji shi. "Ina jin daɗin tatsuniyar."

"Fetur kuwa, masu gidan mai sun san sunan 'ya'yana. In na shigo har tashi suke. Kuma ba kowane take sha ba, in ka ba ta na gama-gari sai ta kama tari. Baƙin mai ma nata daban ne, a 'yar ƙaramar gora yake zuwa kamar turare, tana shanye shi tana fitar da shi ta baya shuɗi-shuɗi."

"Mai gida da ci, mota da ci. Allah ya haɗa ku."

"Wata 'yar roba ce ta tsage a bayan inji, ba ta kai zoben hannunka ba. Bakanike ya ce kafin hannu ya kai wurin sai an sauke injin gaba ɗaya. Robar kuɗin biredi, aikin kuɗin hayar gida. Kuma babu ita a kasuwa, sai an yi odarta daga waje. Motar ta kwanta a gareji har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta, ta ƙyanƙyashe."

"Ƙarya kake."

"'Yan tsakin sun girma, je ka tambaya."

Dariya ta taso wa Tsinke, ya danne ta da tari. Ba zai ba Randa wannan ba.

"Da aka sauke injin," Randa ya ci gaba, "sai ga kuloci ya cinye, ga giya tana gurnani. Bakanike ya dube ni ya ce, wanda ya riƙe motar nan kafin kai bai san akwai birki a duniya ba. Aka jona ta da kwamfuta, kwamfuta ta ce mitar da ke gaban sitiyari ƙarya take, an mayar da ita baya. Tsohuwa ce tukuf aka yi wa kwalliya."

"Kamar mai ita."

"Ba ka ji komai ba. Ɓangaren hagu duk ciko ne. Ta taɓa yin hatsari aka daddaɓe ta aka fesa mata ja."

A nan Tsinke ya ɗaga ƙafa daga kan keke.

"Tsaya. Kai? Mai fenti? Fenti ya cuce ka?"

"Ni ɗin nan."

"Kai da kake shinshina bangon gidan mutane ka ce an tsinka da ruwa?"

"Sai da na biya na shafa. Kafin nan ido ne kawai ke aiki, hannu yana aljihu."

"To ka ga inda ka yi kuskure ke nan," in ji Tsinke, ya juyo gaba ɗaya yana nuna shi da almakashi. "Da ka tsaya a kan kaza da na kusa yarda. Amma ka ce fenti ya ruɗe ka? Haba Randa. Ka manta da wa kake magana."

Gaskiya ne, akwai tarihi a tsakaninsu. Suna yara Kawu ya saya wa Randa keken hawa. Duk ranar da Tsinke ya roƙi ɗani sai Randa ya marairaice ya ce keken ba shi da birki, yana tausayin ƙasusuwansa. Shekara ta zagayo kafin Tsinke ya gano birkin lafiyarsa ƙalau. Da suka zama samari kuma Randa ya zo da wani agogo yana yabonsa kamar zai yi kuka, ya ce ko a ruwa yana aiki, ya sayar wa Tsinke. Agogon bai ga washegari ba. Tun daga nan Tsinke ya kafa wa kansa doka, bai kuma taɓa yin asara da ita ba: abin da Randa ya kushe, kama shi da hannu biyu, abin da ya yaba, ka gudu.

"Birkin keke," in ji Tsinke. "Shi ne ya dawo da ƙafa huɗu."

"Wane keke kuma?"

"Ka ga ina sonta, ka riga ni, yanzu kuma tsoro kake kada in ce ka ba ni ɗani. Shi ne ka zo da sassafe kana jera mini cututtuka kamar asibiti."

"Wallahi gaskiya nake gaya maka."

"Wallahinka ta sha wanki, ta koɗe. Kai da ko ruwa za ka sha sai ka ce wallahi."

"Fita ka duba rufin. Yadin ya tsage, in aka yi ruwa da lema nake tuƙi. Injin da ke naɗe shi ya maƙale, bai buɗe ba bai rufe ba. Masu inshora kuwa da suka ji motar tsere ce sai da suka ba ni kujera kafin su faɗi kuɗin."

"Madalla. Tun da ta zame maka bala'i, sayar mini."

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Da ta fita kuma sai ya ji wani sanyi a ransa, kamar ƙaya ce aka zare masa. Ya ga kansa a ciki, rufi a buɗe, yana wuce shagon tsallaken titi a hankali, masu keken kwamfuta suna miƙo wuya.

Randa ya yi dariya. "Da me? Da maɓallai?"

"Da kuɗi."

Tsinke ya zaro waya, ya buɗe asusunsa, ya miƙa ta har hancin Randa.

"Wannan yanzu. In haɗa maka da babur. Abin da ya rage in biya a hankali, har sai ka mayar da abin da ka ba dillali cif. Ko sisi ba za ka yi asara ba."

Dariyar Randa ta tsaya. Ya dubi fuskar wayar, ya daɗe yana dubawa, maƙogwaronsa ya motsa. Tsinke ya ga haka ya ce a ransa, na kama ɓarawo, ga shi ya rasa ƙaryar da zai ƙara.

"Kuɗin keken surfanin nan ne," in ji Randa, muryarsa ta sauka.

"Kuɗina ne."

"Har da sarƙar matarka."

"Matata ce."

"Tsinke, ka ji tsoron Allah. Motar nan za ta cinye keken, ta cinye shagon, ta dawo ta cinye ka, ga ka ba nama."

"Kai ta cinye ka? Ga ka nan benci na kuka."

"Ba zan sayar maka ba."

"Ka gani! Ka gani!" Tsinke ya miƙe tsaye yana tafa hannu. "Mota duk ciwo, an ba ka kuɗinka cif, ka ce a'a. Wane mahaukaci ne zai ƙi? Baƙin ciki kake kada a gan ni a ciki. Tun muna yara haka kake, komai mai kyau naka ne, ni sai kallo. Keke naka, takalmin ƙwallo naka, shago a bakin babban titi naka. Abu ɗaya na ce ina so a duniya, ɗaya tak, da bakina na gaya maka, ka bi ta bayana ka ɗauke."

Wannan kam ba wasa ba ne, su duka sun ji. Tsinke ya ji kunya ta kama shi, amma ya ci magani, ya ƙara miƙa wayar.

"Faɗi lambar asusunka."

Randa ya sunkuyar da kai yana murza goshi. Can sai ya ɗago, fuskarsa ta washe, ya saki wani murmushi mai faɗi wanda Tsinke ya daɗe bai gani ba.

"To shi ke nan, ka kama ni," in ji shi. "Ai ban san idonka ya buɗe haka ba. Mota kam, ɗan'uwa, babu irinta."

"Ɗan'uwa?"

"Ɗan'uwana na kaina! Gwada ka nake. Inji kamar agogo. Fetur kuwa shinshinawa kawai take, in na zuba na manta ranar da na zuba. Tayoyin nan har jikokinka. Kai ka dace da ita ma, dogo siriri, in ka zauna a ciki sai a ce tare aka ƙera ku." Ya zaro makulli ya ɗora a kan teburin yanka, ya tura shi gaban Tsinke da yatsa. "Tura kuɗin yanzu-yanzu. Babur ɗin ma bar shi, na yafe. Ragowar ma kada ta dame ka. Rubuta lamba, sifili…"

Babban yatsan Tsinke yana kan waya, ya tsaya cak.

Inji kamar agogo.

Ya dubi makullin, ya dubi murmushin. Murmushin nan ya sani, da shi aka sayar masa da agogon da ke aiki a ruwa. Tun da uwarsa ta haife shi Randa bai taɓa ce masa ɗan'uwa ba, bai taɓa yafe masa ko canjin biredi ba, yau ga shi yana yafe babur sukutum.

"Me ya sa kake sauri?" in ji Tsinke a hankali.

"Wane sauri? Alheri nake maka. Tura mana, kada hanyar sadarwa ta ɗauke."

"Ka yafe babur."

"Na yafe."

"Kai."

"Ni. Sifili, takwas…"

Tsinke ya kashe fuskar wayar, ya zura ta a aljihu, ya danne aljihun da hannu. Ya sa bakin almakashi ya ture makullin har ya faɗa cinyar Randa.

"Allah ya tsare gatari… kai, Allah ya tsare ni da kai!" ya ce, yana ja da baya. "Ɗan banza, ashe tarko ka kafa mini! Ka zo ka yi ta kushe ta don ka san zan ce ƙarya ne, in taya da kaina, ka juye mini gawa ka gudu da kuɗin kekena. To ta Allah ba taka ba. Ni za ka yi wa wayo? Ko kyauta ka ba ni ba na so. Tashi ka kwashe akwalarka!"

"Ka tabbata? Dama ce fa."

"Na tabbata. Damar ta bi ka gida."

Randa ya ɗauki makullin ya mayar aljihu. Ya jingina da bango, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, murmushin nan ya zube daga fuskarsa kamar an goge da tsumma.

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Duba mini ledar nan, abin da ya kawo ni ke nan."

Tsinke yana ta huci na nasara ya jawo ledar. Ya zaci sabon yadi ne, don Randa ba ya maimaita kaya, bai kuma san hanyar mai faci ba. Da ya zazzage sai ga tsofaffin wanduna, duk ɗinkinsa ne na bara da bara waccan, ɗaya ma gwiwarsa ta goge har tana nuna haske.

"Me zan yi da waɗannan? Sadaka ce?"

"A rage mini ƙugu. Zamewa suke. Wancan kuma a yi masa faci ta ciki, yadda ba za a gani ba."

Tsinke ya buɗe baki zai yi zolaya, sai ya fasa. Ya ciro tef daga wuyansa.

"Tashi."

Randa ya tashi ya ɗaga hannuwa. Tsinke ya zagaya tef ɗin a tumbin da ya fi shekara ashirin yana aunawa, tumbin da ya san awonsa ba sai ya duba ko'ina ba. Bakin tef ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ƙara wucewa, ashe tumbin ya zube. Babbar riga ce kawai ke rufa asiri. Ya sake aunawa ko hannunsa ne ya zame, awon bai canza ba. Randa zai iya yi masa ƙarya da baki, ya sha yi, amma tumbi bai iya ƙarya ba.

Ya leƙa waje. A ƙarƙashin jar motar wani koren ruwa ya taru, yana bin gefen kwalta a hankali. Yadin rufin kuwa ga tsaga nan, an manne ta da baƙin salatif. Tun ɗazu suna nan, shi ne bai ga komai ba sai ja.

Ya juyo ya dubi Randa.

"Gwiwar wandon fa?" ya tambaya.

"Durƙuso. Leƙen ƙarƙashinta."

"Shago fa?"

"Kantoci sun fara nuna katako. In an sayi fenti, kuɗin gareji suke tafiya ba kamfani ba."

"Ka kai wa dillalin?"

"Na kai. Ya zagaya ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya taya rabi. Rabin ma sai ya yi shawara."

Tsinke ya tsaya da tef a hannu. Cif ya ba shi, har da babur. Ya tuna yadda maƙogwaron Randa ya motsa lokacin da yake kallon wayar, sai yanzu ya gane abin da mutumin ya haɗiye. Da Randa ya karanto lambar nan har ƙarshe tun farko, da yau ya yi barci.

"Amma kai wawa ne," in ji Tsinke. "Mai saye ya zo har hannunka."

"Mai saye? Bawa dai. In ka tsiyace wa zai riƙa yi mini ɗinki bashi? Agogo daban, Tsinke. Agogo wasa ne. In na cinye keken 'ya'yanka da wane ido zan shiga gaida Gwaggo?" Ya hura hanci. "Na gaya maka gaskiya tun daga salansa har inshora, ka ce tatsuniya. Sai da na yi maka ƙarya ka ji. Wane irin mutum ne kai?"

"Irin wanda ka rena."

"Kuma don ka sani, ban saye ta don ina sonta ba. Kai ka cika mini kunne da ita, na ce bari in ga yadda fuskarka za ta yi."

"To ka gani?"

"Na gani. Ba ta kai kuɗin ba." Randa ya juya ya dubi tsohon babur ɗin da ke jingine a inuwa, ya daɗe yana kallonsa. "Wancan, harbi nawa yake tashi?"

"Ɗaya."

"Kullum?"

"Ko an yi ruwa."

"Allah ya isa," in ji Randa da gaske, har da cije leɓe.

Daɗin da Tsinke ya ji a lokacin ba shi da kyau, amma ya ji shi har tafin ƙafa. Ya rataya tef a wuya.

"Tashi mu kawar da gawar nan daga ƙofata, mai keke yana zuwa da yamma, ina so ya sami wurin sauke kaya."

Suka fita. Randa ya murza makulli, motar ta yi ƙeƙeƙe ta yi shiru. Ya sake, ko tari ba ta yi ba. Ya fito da ƙyar, yana dafa ƙofa.

"Sai an kira janwe ya ja ta. Mu tura ta gindin bishiyar can. Shiga ka riƙe sitiyari, kai ne ba nauyi."

Tsinke ya tsaya. Sannan ya karkaɗe zaren da ke jikin rigarsa, ya goge tafin hannu a cinya, ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga. Kujerar ta rungume shi. Ƙamshin fata, sitiyari ɗan ƙarami mai kauri, dogon jan hanci a gabansa yana sheƙi. Duk abin da ya ji yau bai hana zuciyarsa bugawa ba. Ta madubi ya hango ubangidan nasa Randa ya tattare riga, ya kafa kafaɗa a bayan mota yana nishi.

Motar ta motsa. Ma'aikatan shagon tsallaken titi suka miƙo wuya, kamar dai yadda ya gani a ransa. Tsinke ya fitar da gwiwar hannu ta taga ya ɗaga musu yatsu biyu.

"Ƙara wuta, direba!" ya yi kira. "An ce motar tsere ce!"

"Zan ci ƙaniyarka in na huta!"

Wurin ɗan gangare ne, motar ta fara sauri da kanta, bishiyar tana matsowa.

"Tsinke!" Randa ya ƙwala ihu daga baya. "In inji a kashe yake birkinta ba ya ci!"

Birkin keke ya faɗo wa Tsinke a rai, ya kuma fita a take. Bai tsaya musu ba, ya cafki birkin hannu da hannu biyu ya fizge shi har sama. Motar ta tsaya cak, tazarar tafin hannu tsakaninta da bishiya, Randa kuwa da ke biye a guje ya zo ya rungumi bayanta da tumbi, tim.

Sai Tsinke ya leƙo da kai ta taga.

"Ka ga na yarda da kai."

"Sau ɗaya a shekara arba'in," in ji Randa yana haki, "shi ma sai da ka ga bishiya."

Dariyar da Tsinke ke dannewa tun safe ta ƙwace, ya kifa kai a sitiyari yana yi har da hawaye, Randa yana kwance a bayan mota yana tasa.

"Na sara maka," in ji Tsinke da ya samu numfashi. "Wandunan kyauta. Rufin ma kawo in ɗinke, ko dillalin zai ƙara maka wani abu. Kuma ina da tamfol a ciki, zan yanka mata riga har ƙasa, tun da kwanciya ce sana'arta."

"Riga ko likkafani?"

"Duk wanda ta fara buƙata. Amma kafin janwe ya zo, ungo wayata, koma can gaba ka ɗauke ni hoto. Ka tsaya ta dama, kada koren ruwan ya fito."